Daga Bokitin Siminti Zuwa Dandalin Gasa: Yadda Ake Fara Ɗaga Ƙarfe

Akwai wani kango a bayan gidan da muke haya tun muna ND I, inda muke taruwa bayan La'asar mu ɗaga ƙarfe. Na ce ƙarfe, amma gaskiyar magana siminti ne: manyan bokitan fenti biyu aka cika da kankare, aka soka musu bututu a tsakiya. Sunan da muka raɗa masa shi ne "Ɗari-da-hamsin", domin wanda ya haɗa shi ya rantse mana kilo 150 ne, mu kuma babu wanda ya taɓa ɗora shi a sikeli. Ina cira shi daga ƙasa sau uku a jere, duk layinmu an san ni da haka.

Da na tafi SIWES Kano sai na shiga wani gidan motsa jiki mai kayan aiki na gaske, na ce wa mai horarwar a jera mini kilo 150. Dattijo ne. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Yaro, ka taɓa ɗaga shi?" Na ce, "Baba, ai kullum." Bai yi musu ba, ya sa aka jera. Na sunkuya, na ja har sai da na ga taurari, ƙarfen nan ko gezau. Da na dawo Kazaure muka ɗora Ɗari-da-hamsin a baro muka kai wurin 'yan gwangwan. Sikeli ya nuna kilo 104. Ashe shekara guda muna yi wa rogo kallon kitse.

Samistar ƙarshe nake ciki, kuma na lura masu ɗaga ƙarfe sun ƙaru a cikin makaranta da cikin gari. Galibinsu don ƙirji ya cika riga suke yi, ba laifi ba ne. Amma akwai wasa na gasa, mai dokoki da alƙalai, wanda ake kira fawaliftin, kuma abin da na tsinta a kansa cikin shekara ɗaya da rabi shi nake son in bar wa ƙannenmu kafin in kama hanya.

Mene ne wasan?

Mutane suna haɗa abu uku su kira su da suna ɗaya. Akwai masu gina jiki, waɗanda alƙalai ke duba surar tsokarsu kawai. Akwai ɗaga nauyi irin na Olamfik, inda ake fizgo ƙarfe daga ƙasa a kai shi saman kai. A shi ne Ruth Ogbeifo ta samo wa Nijeriya azurfa a Sidni a 2000. Sai namu, wanda ba a kai ƙarfe saman kai, kuma ba ruwan kowa da kyan ƙirjinka. Ɗagawa iri uku ce: tsuguno da ƙarfe a kafaɗa (sukwat), turin ƙarfe daga ƙirji kana kwance a benci, da cira daga ƙasa har ka miƙe (dedlif). Haka suke a jere a kowace gasa. Hukumar wasan ta duniya, IPF, an kafa ta a 1972, kuma dokokinta zan bi a nan.

A kowace ɗagawa ana ba ka dama uku. Mafi nauyin da aka amince da shi a kowacce shi ake ɗauka a tara. Misali, ka tsuguna da kilo 120, ka tura 80, ka cira 150, jimillarka 350 ke nan. Wanda ya fi jimilla a rukuninsa shi ya ci. Idan mutum biyu suka yi kunnen doki, wanda ya fi rashin nauyin jiki ne a gaba.

Wannan maganar rukuni ita ce ya kamata ta kwantar wa sirara irina hankali. Ba za a haɗa ka da ƙato ba. Rukunan maza su ne kilo 59, 66, 74, 83, 93, 105, 120 da abin da ya haura 120. Na mata 47, 52, 57, 63, 69, 76, 84 da abin da ya haura 84. Akwai kuma rukunin matasa, daga shekarar da mutum zai cika 19 zuwa ƙarshen wadda zai cika 23, wato dai kusan duk wanda ke karanta wannan mujalla.

Inda ƙarfi ba ya ceton mutum

Alƙalai uku ne, ɗaya a gaba, biyu a gefe. Kowa yana da fitila fara da ja. Sai ka sami fari biyu aƙalla kafin a ƙirga maka. Nan ne 'yan kango irinmu muke faɗuwa, domin mun saba da cewa in dai ƙarfe ya tashi to ya tashi.

A tsuguno, dole maɗaurin cinyarka ta wajen ƙugu ya sauka ƙasa da saman gwiwarka. ('Yan Gwiwa ku yi haƙuri, ba garinku nake nufi ba.) Abin da muke yi a kango rabin tsuguno ne, ɗan rusunawa kamar mai gaida surukin da ba ya so. Ranar da Baba ya sa ni na sauka yadda doka ta ce, kilo 30 ya zube daga abin da nake taƙama da shi. Ka ɗauko ƙarfen, ka ja da baya, ka tsaya cak, ka jira alƙali ya ce "sukwat". Bayan ka miƙe kuma ba za ka mayar ba sai ya ce "rak". Ka yi gaggawar taku ɗaya kafin umarni, jar fitila ce, ko da ƙarfen ya zo maka kamar auduga.

Benci ya fi tarko. Kai, kafaɗu da mazaunai duk su kasance a manne da benci, tafin ƙafa a shimfiɗe a ƙasa. Umarni uku ne: "sitat" ka sauko da shi, ka tsayar da shi a ƙirji ba motsi har a ce "fires", ka tura har hannu ya miƙe, sannan "rak". Wannan 'yar tsayawar a ƙirji ita ke raba mai ƙarfi da mai dabara. Masu buga ƙarfe a ƙirji ya yi tsalle, da masu ɗaga mazaunai sama kamar gada, duk ba za a ƙirga musu ba.

A cira babu umarnin farawa. Ka ja har gwiwa ta miƙe, kafaɗa ta koma baya, ka jira "dawun", ka sauke da hannu biyu ba tare da ka saki ba. An hana ɗora shi a cinya ana turawa da kaɗan-kaɗan, kuma ƙarfe ya ɗan yi ƙasa a tsakiyar hanya, shi ke nan.

Daga lokacin da aka sanar an gama jera maka, minti ɗaya kake da shi ka fara. Sai dokar da ta fi kowacce cin mutane: idan ka nemi nauyi ka kasa, ba a rage maka. Ko ka maimaita shi, ko ka ƙara. Ka kasa sau uku a ɗagawa ɗaya, ba ka da jimilla, kuɗin motarka ya tafi a banza. Shi ya sa damar farko ake zaɓar nauyin da ka tabbata za ka iya yi sau uku ko da ka kwana da zazzaɓi. Ta biyu ka je kusa da iyakarka. Ta uku ce ta neman suna. Da gasa na je ranar da na nemi 150 ɗin nan, da tun a nan labarina ya ƙare.

Kayan aiki a inda babu su

Sandar gasa kilo 20 ce, tsawonta bai wuce mita 2.2 ba, kaurinta milimita 28 zuwa 29. Maƙullan da ke riƙe faranti kowanne kilo 2.5 ne. Jan faranti kilo 25, shuɗi 20, ruwan ɗorawa 15. Mu a nan ba mu da wannan, kuma ba sai mun jira shi ba.

Siminti ba shi ne matsalar ba, rashin sanin nauyinsa ne. Lita ɗaya ta kankare tana kai wajen kilo 2.4. Ke nan galan ɗin fenti mai lita 4 zai ba ka kilo 9 da ɗoriya, babban bokiti mai lita 20 kuma wajen kilo 48. Da mun yi wannan ɗan lissafin da ba mu ji kunya ba, alhali har da ɗan injiniya a cikinmu. Shawarata, a daina zuba siminti a jikin sanda ya zama abu ɗaya. A yi faranti daban-daban masu rami a tsakiya: na kilo 20, na 10, na 5, musamman ƙanana na 2.5 da 1.25, domin da su ake ci gaba. Kowanne a kai shi sikelin masu sayen riɗi ko na 'yan gwangwan, a rubuta nauyinsa da fenti a jiki. Tsofaffin giya-giyan mota da ake samu wurin makanikai ma suna yi.

Sanda kuwa kada a yi wasa da ita. Bututun ruwa yana lanƙwashewa, kuma ba ya sallama kafin ya karye. A nemi dunƙulallen rodi mai kauri. Sai abin da na fi damuwa da shi, wato maɗorin ƙarfe. Mai walda zai iya haɗa muku tsayayyun ƙafafu masu ƙugiya, da sanduna biyu a gefe waɗanda za su tare ƙarfen idan mutum ya kasa tashi. In kun yi karo-karo ku biyar ba zai gagare ku ba. Kafin a samu, kada kowa ya kwanta a benci shi kaɗai a ɗaki. Ƙarfen da ya faɗo a wuya ba ya ba mutum damar kiran maƙwabci. Mutum ɗaya a kai lokacin benci, biyu a gefe lokacin tsuguno, kuma su ajiye waya.

Takalmi mai shimfiɗaɗɗen ƙasa mai tauri ya fi mai laushin nan na gudu. Bel ba dole ba ne a watannin farko. In za ka saya, doka ta ce faɗinsa kada ya wuce santimita 10. A gasa ana sa matsattsiyar riga mai haɗe da gajeren wando, da doguwar safa lokacin cira. 'Yan uwa mata, na san tambayar da ke ranku: dokar IPF ta yarda mace Musulma ta sa kayan da suka rufe hannu da ƙafa, ta kuma sa ɗankwalin da ya rufe kai da wuya.

Atisaye

Kwana uku a mako ya isa, da hutun kwana ɗaya a tsakani. Ni Asabar, Litinin da Laraba nake yi. Ranar farko tsuguno da benci, ta biyu cira da turin ƙarfe sama a tsaye da jan jiki a sanda, ta uku a koma tsuguno da benci. Ka ɗumama jiki da sanda zalla, ka riƙa ƙarawa, sannan ka yi zagaye uku, kowanne ɗagawa biyar, da hutun minti uku zuwa biyar. Cira zagaye ɗaya ko biyu mai nauyi ya wadatar, domin tana cin baya.

Ka fara da nauyin da zai ba ka kunya. Da gaske nake. Duk mako ka ƙara kilo 2.5. Abokai za su yi maka dariya, amma lissafa: mako 15 sau 2.5, kilo 37.5 ke nan a samista ɗaya. Wanda kullum yake gwada iyakarsa don a ɗauke shi a waya, za ka same shi a inda ka bar shi, ko kuma yana ɗingishi. Idan nauyi ya ƙi ka sau biyu a jere, rage kashi ɗaya cikin goma ka sake hawowa. Ka sami ɗan littafi kana rubuta kwanan wata, nauyi da adadi. Wannan littafin ya fi mini duk wani bidiyo da na kalla amfani.

Abu ɗaya da rubutu ba zai koya maka sosai ba shi ne ɗaure ciki. Kafin ka sauka ko ka ja, ka shaƙi iska ka cika ciki da ita, ka ƙanƙame kamar wanda za a kai wa naushi, ka riƙe har ka wuce wurin wuya. Baya ya zauna a miƙe, sanda tana goga ƙwauri. Ka je kasuwa ka kalli 'yan dako masu loda buhunan hatsi a mota, ka ga yadda tsofaffin hannu a cikinsu suke manne kaya da jiki su tashi da ƙugu da ƙafa. Ba su san sunan IPF ba, amma da yawansu da za a koya musu doka wata uku da sun kunyata mu. Ka sa aboki ya ɗauki bidiyonka daga gefe, daidai tsayin ƙugu; a nan za ka ga ko tsugunonka ya kai.

Wanda ke da hawan jini, ciwon zuciya, sikila ko ƙaba, ya fara ganin likita. Riƙe numfashin nan yana ɗaga jini sosai na ɗan lokaci. Ciwon tsoka na kwana biyu ba komai ba ne, amma zafi mai suka a gaɓa, ko wanda ke sauka daga baya zuwa ƙafa, a ajiye ƙarfe a tafi asibiti. Lokacin zafin Maris zuwa Mayu a koma yi da sassafe, a riƙe ruwa. Da azumi ni bayan Tarawihi nake yi, in rage yawan zagaye in bar nauyin yadda yake. Makon jarabawa kuwa sau ɗaya ya isa. Ba ƙarfe ya kawo mu Kazaure ba.

Ciki da aljihu

Mai wannan atisaye yana buƙatar furotin wajen giram 1.6 a kan kowane kilo na jikinsa a rana. Mai kilo 65 zai nemi giram ɗari da 'yan kai. Ƙwai ɗaya giram 6 ne kacal, saboda haka wanda ya ce da ƙwai zai cike wannan, kuɗin makarantarsa zai cinye. Ɗanyen wake giram 100 yana da fiye da giram 20, waken suya da ake awara da shi ya haura 35. Ga ƙuli-ƙuli, ga kindirmo, ga kifin dam. Garau-garau mai yawan wake da rana, awara da yamma, fura da nono bayan atisaye, ƙuli a aljihu: ka kusa kaiwa ba tare da ka sayi garin gwangwanin nan mai tsada ba. Barcin awa bakwai zuwa takwas kyauta ne, shi ne kuma muka fi yi wa rowa.

Sai maganar da ba a so a yi a fili. Duk inda ake ɗaga ƙarfe za ka haɗu da mai ce maka akwai "taimako". Taramol ba ya ƙara ƙarfi, ɓoye zafi yake yi, sai ka yaga tsoka ba ka sani ba, ga kamu, ga farfaɗiya in an sha da yawa. Hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya, WADA, ta haramta shi a lokacin gasa tun daga 1 ga Janairu, 2024. Ƙwayoyin sha-ka-fashe ruwa da kitse suke tara wa mutum, irin su dezametason ma cinye tsoka suke yi. Allurar sitiroyid tana sa tsoka, ba zan yi ƙarya ba, amma tana taɓa hanta da zuciya, tana ƙanƙantar da 'ya'yan maraina, tana rage maniyyi. Saurayin da bai yi aure ba ya auna. Wanda aka kama da ita a gwaji, dakatarwar shekara huɗu ce ke jiransa.

Ƙofar da muka bari a rufe

Fawaliftin na masu lafiyar ƙafa ba ya cikin Olamfik. Amma na masu buƙata ta musamman, wanda benci ne kaɗai, yana cikin Faralimfik, kuma a nan Nijeriya gagara-badau ce. A Riyo a 2016 ƙasar nan ta ci zinare 8, shida daga ciki a wannan wasa. Paul Kehinde, a rukunin kilo 65, ya tura kilo 220. Sake karantawa: fiye da ninki uku na jikinsa. Lucy Ejike, wadda shan inna ya kama tun tana ƙarama, ta je Faralimfik shida daga 2000 zuwa na Tokiyo, ba ta taɓa dawowa hannu rabbana ba, uku daga ciki zinare. A Faris a 2024 Folashade Oluwafemiayo ta tura kilo 167, Onyinyechi Mark ta tura 150, dukkansu zinare da sabon tarihin duniya. Har gasar cin kofin duniya ta wasan an yi a Abuja a Fabrairun 2020.

Dubi sunayen nan da kyau, sannan ka tuna yankin da shan inna ya fi yi wa ɓarna kafin a tabbatar da kawar da shi a Agustan 2020. Daga Kazaure zuwa Roni, daga Gwiwa zuwa Babura, wane gari ne babu matasa masu tuƙa keken hannu kilomita da yawa a rana, da damatsa kamar turmi? Wasu muna aji ɗaya da su. Babu wanda ya taɓa kwantar da su a benci ya ce gwada. A ganina wannan ita ce asarar da ta fi girma, kuma duk ƙungiyar da za a kafa a makarantar nan in ba ta fara da su ba, ta bar mafi kusancinta da lambar yabo a waje.

Hanyar hukuma ta jiha take bi. Gasar wasanni ta ƙasa, wadda aka fara a Legas a 1973, jihohi ne ke kai 'yan wasa, kuma ana ɗaga nauyi a cikinta, har da bencin masu buƙata ta musamman. Ke nan ƙofa tana ofishin wasanni na makaranta, daga nan zuwa masu kula da wasanni na jiha a Dutse. Sai dai ba wanda zai saurare ka don ka ce kana da ƙarfi. Littafinka na atisaye, da bidiyon ɗagawa a kan nauyin da aka auna, su ne takardunka. In ka sami hali, ko sau ɗaya a wata ka shiga motar Kano ka taɓa sandar gaske, hannunka ya saba da ita, wanda ya san doka ya duba ka.

Kafin nan, gasar farko a gida ya kamata a yi ta, kuma ina miƙa wannan ga daraktan wasanni na ƙungiyar ɗalibai. Abin da ake buƙata bai taka kara ya karya ba: sanda ɗaya mai kyau, farantan da aka auna, maɗori, benci, sikelin awon mutane, alƙalai uku kowanne da farar takarda da ja a madadin fitila, masu tsaro biyar, mai riƙe agogo, da ma'aikacin lafiya daga asibitin makaranta. A auna 'yan wasa awa biyu kafin farawa kamar yadda doka ta ce. A raba maza rukuni uku kawai a karon farko, mata su yi tasu a keɓe da alƙalai mata, a ware benci ga masu lalurar ƙafa. A sanar da rana mako goma sha biyu kafin lokaci domin kowa ya shirya.

Farantanmu na kango yanzu goma sha huɗu ne, duk an auna an rubuta, da maɗorin da muka yi karo-karo aka walda mana. Mun yi shawara ba za mu sayar ba idan mun gama. Za mu damƙa su ga ofishin ƙungiya da sunan duk wanda zai ci gaba. Ɗari-da-hamsin ma yana nan, mun goge sunan mun rubuta masa 104. A makon jiya na cira 152.5 a kan sandar Baba, ya ce a gasa da ya ba ni ja, wai na sauke kafin ya ce "dawun".